Abu Uku da Kawu Ya Faɗa

Greensboro, 18 ga Janairu, 1981

Zuwa ga taubashiyata Zinariya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yarki Bebi, da mahaifinki Kawu Ɗantala da duk mutanen gida a Kura. Ni ma lafiya ƙalau, in ban da mura da ta tarye ni tun a filin jirgi. Ki gaya wa Kawu na sauka lafiya, ina salla a kan lokaci, ina kuma cin abinci. Iyakar nasa ke nan. Sauran wasiƙar taki ce.

Shekarar karatu a nan cikin Agusta take farawa. Ni da takarduna suka yi latti, sai aka ɗauke ni a zango na biyu, wanda suke kira spring semester, ko da yake ban ga ganye ko ɗaya a bishiya ba. Kowa ya riga ya yi abokai, ya san malami mai tsanani da mai sauƙi, ya san ƙofar da ke buɗewa da wadda sai an zagaya. An ce 'yan Agusta mako guda aka yi ana yawo da su ana nuna musu wurare. Mu 'yan Janairu, mu goma sha ɗaya, taswira aka ba mu da kofin shayi aka sallame mu. Allah ya taimake ni da Malam Ubale, wani mutumin Gumel da ke digirinsa na uku a kan ƙasar noma. A ɗakinsa nake zaune, a High Point Road.

Rajista a babban ɗakin wasanni ake yin ta. Kowane darasi da akwatin katunansa, in kati ya ƙare aji ya cika. Na bi layin injiniya, karatun da na zo yi, awa biyu, da na isa sai matar da ke raba katunan ta ce kashi na ɗaya cikin Agusta kaɗai ake koyar da shi, yanzu na biyu ake yi, kuma ba a shiga na biyu sai da na ɗaya. Malamin da ke ba ni shawara ya ce in ɗauki wasu darussa huɗu. In na ci kowanne da B ko fiye, za su ba ni gurbi a injiniya cikin Agustan nan. In ɗaya ya gaza, sai wani Agustan. Shekara guda ke nan a banza.

Na samu Turanci, na samu lissafi da tarihin Amurka. Na huɗun, kati ɗaya ne ya rage da bai yi karo da sauran ba, wato kimiyyar tufafi da rini. Ki gama dariyar sannan ki ci gaba.

Ashe garin nan garin masaƙu ne, a nan ake saƙa yadin wandon jins, kuma da shuɗi suke rina shi, amma na kanti. Malamar ajin, Dakta Gaines, ta ce kowa ya faɗi inda ya fito. Ni kuma bakina ya ja ni, na ce daga Kura nake, kakan kakana ma marini ne. Matar nan ta ajiye alli. Ta ce ta karanta labarin karofin ƙasar Kano tun tana ɗaliba, ba ta taɓa ganin wanda ya fito daga can ba. A gaban mutum talatin ta ce aikina na zangon nan shi ne in haɗa musu rini irin na gida, da ganyen baba, su gani da idonsu. Rabin makin darasin a kansa yake. Na ce to.

Ke kin san ban taɓa tsoma ko yatsa a rijiyar rini ba. Tun da na shiga firamare Kawu ya hana ni taka karofi. Saboda haka ki yi mini dabara ki jiyo mini yadda ake haɗa rijiya, daga farko har ƙarshe. Kada ki ce ni na aiko ki, kuma kada ki gaya masa maganar sharaɗin nan, hankalinsa zai tashi.

Naki,
Hudu

*

Kura, 7 ga Fabrairu, 1981

Bawana Hudu,

Wasiƙarka ta same ni a makaranta ina tsakiyar koyar da 'yan aji huɗu, na karanta na yi ta dariya har yara suka ɗauka wani abu ya same ni. Muna lafiya. Bebi ta fara haƙori, Baffa kuma gwiwarsa ce ke damunsa in an yi sanyi. Allah ya ƙara maka sauƙin murar.

Kai dai tun kana yaro bakinka ke rigan ƙafarka isa wuri. To, na yi ƙoƙari. Na kai wa Baffa fura bayan la'asar, na zauna muna hira, can na ce, “Baffa, wai yaya ake haɗa rijiya ne?” Ya dube ni ya ce, “Ke da alli kike aiki, me ya haɗa ki da rijiya?” Na ce yara zan koya wa. Ya ce, “Yaran Kura? Ubansu ya koya musu.” Ya sha furarsa, ya ajiye ludayi, ya ce, “Jiya aka kawo miki wasiƙa mai tutar Amurka. Faɗi gaskiya.” Ka san ba na iya yi masa ƙarya yana kallona. Na faɗa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, “Wato na raba shi da karofi shekara goma sha biyar, ya hau jirgi ya tsallake teku, ya je ya samo wani karofin.” Na ce ba sana'a kake yi ba, darasi ne. Ya ce, “Darasin rini? A Amurka? An kore shi daga injiniyan ke nan yana jin kunyar faɗa.” Na rantse masa ba a kore ka ba, amma da yake ka hana ni maganar sharaɗin, bayanina duk ramuka ne, shi kuma ya gan su. Yau kwana uku bai ƙara tayar da zancen ba.

Ni a ganina ka je ka gaya wa matar nan gaskiya tun da wuri. Amma na san ka.

Yanzu ka amsa mini nawa. Da gaske mace ce ke koyar da maza manya, suna zaune suna rubutawa? Me ta sa ranar? Ƙanƙarar da ake cewa tana zubowa, tana da ɗanɗano? Kuma su da suke da injin rini, me za su yi da rijiyarmu?

Uwar ɗakinka,
Zinariya

*

Greensboro, 25 ga Fabrairu, 1981

Zinariya,

Ina gaida kowa. Mura ta tafi. Ƙanƙara ba ta da ɗanɗano, na lasa, kuma sau ɗaya ta zubo garin duka ya rufe har makaranta. Dakta Gaines baƙar fata ce, ta kai shekara hamsin, farar rigar gwaji take sawa a kan komai, kuma babu ƙaton da ke motsi in tana magana. Tambayarki ta ƙarshe na kai mata. Ta ce injinsu da magani yake tilasta wa shuɗi ya narke, namu kuwa lallashinsa ake yi, kuma tana so ta ga lallashin kafin ta mutu.

Gaskiyar da kika ce in faɗa, na je ofishinta sau biyu da niyyar haka. A nan kowane malami yana da sa'o'in da yake zaune ƙofa a buɗe, wai don ɗalibi ya shigo ya dame shi. Na farko, kafin in buɗe baki ta nuna mini buhun busasshen ganyen baba da ta sa aka kawo daga wata gona a kudu. Na biyu, ta ce ta tara mini toka bokiti uku daga murhun gidanta a Pleasant Garden, har mijinta ya fara tambaya. Ta yaya zan ce mata ban sani ba?

Malam Ubale tun farko ya ce, “Kai Hudu, ka yi drop ɗin course ɗin nan kafin deadline, kada ya ɓata maka record.” Wato akwai ranar da in ka janye kafinta babu laifi. Na ce sai na ji daga gida. Ranar ta wuce wasiƙarki tana hanya. Yanzu babu fita.

Sauran darussan ina ƙoƙari. Lissafi kamar shan ruwa. A ajin tarihi kuwa malamin ya ce shiru na yi masa yawa, yana ba da maki a kan gardama. Ɗalibai suna ce masa bai yi daidai ba, shi kuma yana murmushi yana rubuta sunansu, ni ina jira a kore su, ashe lada yake ba su. Ni ma na gwada sau ɗaya.

Abin da Kawu ya ce ya tsaya mini a rai. Ba a kore ni ba, Zinariya. Ki sake roƙar mini shi.

Hudu

*

Kura, 1 ga Maris, 1981

Hudu,

Ban jira amsarka ba saboda abin mamaki ya faru. Muna lafiya. Jiya da safe Baffa ya aiko a kira ni, ya ce in zo da takarda. Ya ce, “Tun da rini yake so, rubuta masa.” Ga shi kamar yadda ya faɗa.

A cika mazubi da ruwa. A zuba toka ƙwarya uku, a bar ta ta kwana biyu. A jiƙa baba ƙwarya biyu a zuba. A rufe, kada a taɓa sai bayan kwana uku. Daga nan a riƙa motsawa safe da yamma da dogon itace har kwana bakwai. In kumfa mai shuɗi ta taso, warin ya koma mai daɗi, rijiya ta nuna. Ya ce, “Abu uku ne, ruwa da toka da baba. Kada ya ƙara komai, kada ya rage.”

Na yi masa godiya a madadinka, sai ya juya yana neman takalminsa. Ni dai na ce ya huce ne. Saura ka rina mini mayafi, bawa ba ya zuwa wurin uwar ɗakinsa hannu sake.

Zinariya

*

Greensboro, 29 ga Maris, 1981

Zinariya,

Allah ya saka wa Kawu da alheri, ke ma haka. Ina lafiya, ina fata ku ma. Wasiƙarki na naɗe ta a aljihun gaba, ko'ina da ita nake zuwa.

Mun haɗa. Babu rijiya, sai aka ba ni ganga aka ajiye ta a ɗakin gilashi na 'yan aikin gona, inda ake renon shuka, saboda ɗumi. Ƙwarya kuwa matar wani Malam Sanusi ce ta ara mini, daga Zariya ta zo da ita tana ado da ita a bango. Safe da yamma ina can da sandar share daɓe ina motsawa. 'Yan ajinmu da a da ba su san sunana ba, yanzu suna biyo ni su leƙa. Wani dogo mai suna Curtis, wanda uwarsa da kakarsa duk a masaƙa suke aiki, ya ce shekara ashirin yana ganin shuɗi a kan kayan uwarsa bai taɓa sanin ganye ba ne. Bishiyoyi ma sun fara fure, fari da ja-ja, ko'ina. Karo na farko ke nan da na ji kamar ni ma ɗan makarantar nan ne.

Dakta Gaines ta sa ni ina rubuta komai a littafi kullum, launi da wari da ɗumin ruwa. Akwai kuma wata 'yar takarda da ake tsomawa, launinta ya canja, ya nuna ƙarfin ruwan tokar. A nan muka ɗan saɓa. Ta ce ƙarfin yana raguwa kullum, in ƙara farar ƙasa irin ta shafen bango, ko cokali biyar. Na ce a'a. Ta ce me ya sa? Na ce wanda ya ba ni wannan ya fi shekara hamsin yana yi, kuma ya ce kada in ƙara komai. Ta ce, “Ganga ba ta san kawunka ba, Hudu.” Na ce amma kawuna ya san ganga. Ta yi dariya ta ce aikina ne, in yi yadda na gani.

Na yi gardama da malama ke nan, kin ga na fara zama ɗan Amurka. Yau kwana tara, kumfa ba ta taso ba, amma na ce sanyin dare ne. Ranar ɗaya ga Mayu zan nuna a gaban aji.

Ki tambayar mini Kawu, warin da ya ce mai daɗi, kamar na me ne? Nawa dai ba shi ba ne.

Hudu

*

Greensboro, 16 ga Afrilu, 1981

Zinariya,

Shiru na ji. Ina fata lafiya.

Ganga ta farko ta ruɓe. 'Yan aikin gona sun kai ƙara, aka sa na fitar da ita bayan gini. Na sake haɗa ta biyu da ragowar ganyen, na bi wasiƙarki kalma kalma, har na sa Malam Ubale ya karanta mini ina yi ko idona ne ke tsallake layi. Yau kwana takwas, ita ma ta kama hanyar 'yar'uwarta. Dakta Gaines ta ajiye mini gwangwanin farar ƙasa kusa da gangar. Ban taɓa shi ba.

Ki duba mini, ko ke ce kika manta wani abu wajen rubutawa? Ba zargi nake ba. Na fi so a ce ke ce.

Hudu

*

Kura, 19 ga Afrilu, 1981

Hudu,

Ka ƙara farar ƙasar. Yau, yanzu, kafin ka gama karanta wannan.

Wasiƙarka ta ƙarshen Maris sai shekaranjiya ta iso, ta yi kwanaki a gidan waya na Kano. Da na karanta maganar malamarka sai jikina ya ba ni wani abu. Na je gidan Dabo, wanda ya yi wa Baffa aiki a karofi shekara da shekaru, na karanta masa abu ukun nan. Ya ce, “Ina katsi?” Na ce mene ne katsi? Ya ce lakar da ke kwantawa a gindin tsohuwar rijiya, ita ake kwashewa a dunƙula a shanya, a ƙone ta har ta yi fari, a daka. Ita ke riƙe ƙarfin ruwan. Ya ce babu marinin da zai manta katsi, kamar a ce mai tuwo ta manta wuta ne.

Daga can gida na wuce, ko mayafina ban gyara ba. Na ce, “Baffa, ina katsi?” Bai musa ba. Ya ce, “In ta ruɓe masa sau ɗaya zai tsani abin, ya koma karatun da na aike shi.” A nan na karya alkawarin da na yi maka. Na gaya masa maganar sharaɗin duka, na ce in rinin nan ya lalace, injiniyan ne ya lalace, shekara guda. Na faɗa da murya sama da yadda ya kamata 'ya ta yi wa ubanta, Allah ya yafe mini.

Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, “Malamar ba ta gane ba?” Na ce ta gane, ta ce ka ƙara, ka ƙi. Ya ce, “Don me?” Na ɗauko wasiƙarka na karanta masa wurin da ka ce kawunka ya san ganga. Hudu, ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba. Ya miƙe ya shiga ɗaki, da azahar ma a ciki ya yi salla.

Laifin har da namu. Da mun gaya masa gaskiya tun farko da bai yi ba. Ina jin haushinsa, ina jin haushinka, ina jin haushin kaina. Zan kai wannan Kano da kaina in sa ta a gidan waya na filin jirgi ko za ta yi sauri.

Zinariya

*

Greensboro, 17 ga Mayu, 1981

Zinariya,

Ina lafiya. Wasiƙarki ta zo ranar biyar ga wata, kwana huɗu bayan an gama.

Ga yadda aka yi. Na tsaya a gaban aji da ganga mai wari, na tsoma farin ƙyalle na fito da shi kamar an wanke shi a kududdufi. Sai na ce musu ni ɗan marina ne amma ban taɓa rini ba, na ji kunyar faɗa ne tun ranar farko. Na karanta musu littafina, kwana arba'in na ruɓewa. Babu wanda ya yi dariya, har Curtis ya ce ya fi koyon abu a nan a kan ayyukan da suka yi kyau. Dakta Gaines ta ce littafin na A ne, amma an nuna mini awo kullum na ƙi yarda da shi, kuma wannan ba za ta iya kau da kai a kansa ba. C ta ba ni. Sauran ukun na ci, biyu da A. Na je wurin mai ba ni shawara, ya ce sharaɗi sharaɗi ne. Sai Agustan baɗi.

Ranar da na karanta taki ban ci abinci ba. Ba shekarar ce ta fi yi mini ciwo ba. Sau arba'in takardar awon nan tana gaya mini gaskiya, ni kuma ina ce mata ƙarya take, saboda Kawu ba ya kuskure. Ashe bai yi kuskuren ba.

Washegari na je na ba Dakta Gaines labarin katsi. Ta yi ta rubutawa, ta ce ƙonanniyar laka ai farar ƙasa ce, mutanenku sun gano ta da kansu. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko ganyen da ta ɓoye, muka haɗa ganga ta uku, babu maki babu komai. Zinariya, jiya kumfa ta taso. Shuɗiya, tana ƙyalli. Na tsoma ƙyalle ya fito kore, ina riƙe da shi a iska ya rikiɗe ya koma shuɗi a hannuna. Na yi ihu har mai shara ya leƙo.

Ta ɗebi ɗigon ruwan ta sa a madubin ƙara girma ta ce in duba. Akwai halittu a ciki, ƙanana, dubbai, suna motsi. Ta ce su ne ke narkar da baban. Marini ciyar da su kawai yake yi, yana gyara musu ruwa. In ruwan ya yi rauni, wasu miyagu su rinjaye su, shi ne ruɓewa.

Tun da ina da shekara a hannu, ta ce in ɗauki kashi na biyu na darasinta, in kuma taya ta aiki a ɗakin gwaji lokacin hutu. Na ce sai na ji daga gida. Wannan karon ki karanta wa Kawu wasiƙar duka, kada ki tsallake layi ko ɗaya.

Hudu

*

Kura, 6 ga Yuni, 1981

Hudu,

Muna lafiya, an fara ruwa. Na karanta masa duka, ya sa na sake karanta rabin ƙarshe sau biyu. Ya ce in rubuta maganarsa yadda ta fito, kada in gyara. Ga ta.

“Hudu, ni ne. Na ci maka shekara. Ban taɓa ba na ƙasa da ni haƙuri ba, ban san yadda ake yi ba, Zinariya ta ce faɗa kawai ake yi. Ka yi haƙuri.

“Uwarka da za ta rasu ta ce in yi maka hanyar da ta fi tawa. Na ga sana'ar tana mutuwa a hannuna, shi ya sa na kore ka daga karofi. Ban yi zaton za ka riƙe maganata har ta kayar da kai ba. Da malamarka ta ce ka ƙara, da ka ƙara. Nan gaba in maganata ta saɓa da abin da idonka ya gani, ka bi idonka, na yafe.

“Darasin nata ka ɗauka. Injiniyan ma kada ka sake shi. Ka gaida malamar, ka ce wani tsoho a Kura ya ce ta iya.

“Saura tambaya ɗaya. Waɗannan da ka ce ka gani suna motsi a cikin ruwan. Shekara hamsin da biyu ina motsa rijiya safe da yamma, ban san akwai kowa a ciki ba. Da kasuwa ta mutu, rijiya bakwai na cike da ƙasa da hannuna, har da ta ubana. Ka tambayar mini malamar taka, kuma ka gaya mini gaskiya ko ba daɗi. Suna nan a ƙasa suna jira, ko na kashe su?”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ka amsa da wuri. Kullum sai ya aika a duba masa gidan waya.

Zinariya